Agogon Injin Baba Ɗanjimma

Wata rana na je Yawuri zan haye kogi.

Jirgin da na shiga na wani dattijo ne, Baba Ɗanjimma. Mun cika, amma ba mu tashi ba.

A gaban mazauninsa akwai wani ɗan agogo mai allura ɗaya, wanda ke nuna yawan juyin inji. Inji na ruri, allura na kwance kamar ba da ita ake ba.

Matar da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa watan jiya ciyawa ta naɗe masa farfela a tsakiyar ruwa. Inji ya yi ta kuka, bai kashe ba har ya ƙone, da ƙyar aka gyara shi. Shi ne shugaban matuƙa ya ce muddin agogon nan ba ya aiki, kar ya sake ɗaukar mutum ko ɗaya.

Aka kira makanike, wani mai suna Sallau.

Ya duba fis. Lafiya lau.

Ya bi waya tun daga inji har bayan agogon, yana lalube da yatsa ko ta tsinke. Ba ta tsinke ba.

Ya kankare tsatsa, ya ƙara ɗaure noti, ya jona ɗan ƙwan fitila. Ƙwai ya kama. Wuta na zuwa ke nan.

Allura ba ta motsa ba.

Wata mai kwandon kifi ta ce, "Sallau, in ka gama yi masa ruƙiyya ka sanar da mu. Kifina ya fara gaisawa da ƙudaje."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Idonsa na kan bakin Sallau.

Sallau ya karkata agogon ya duba. Raɓa ce a cikin gilashin.

"Baba, ruwa ya shige shi, ya mutu. Irinsa kuwa ko a Kwantagora ban taɓa gani ba. Wai ma me za ka yi da shi? Shekara arba'in kana tuƙi! Ka je ka gaya wa shugaba kunnenka ya fi agogo."

Baba ya ce, "Ɗana, kunnen nan ya fi shekara goma da tafiya. Bakinka nake kallo."

"To da wa kake jin inji duk shekarun nan?"

"Da mai ɗakina, Allah Ya jiƙanta. Kullum tana bayana da kayan kasuwarta. In muryar inji ta sauya, ta taɓa bayana sau ɗaya, in rage wuta. Sau biyu, in kashe. Ba wanda ya taɓa sani. Da azumin bana muka kai ta. Sai na sayi wannan."



Ɗaya bayan ɗaya muka kwashi kayanmu muka koma jirgin da ke gefe.

Har da ni. Ina da littafi a jaka, ina da kunnuwa biyu lafiyayyu da za su iya jin masa inji, ina kuma da inda zan je.

Da muka yi nisa na waiwaya.

Yana zaune shi kaɗai, inji na aiki. Ya kai yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin agogon.

Sau ɗaya.

Ya jira.

Sai ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya miƙa hannu ya kashe injin da kansa.

Darasi:

Akwai mutumin da ke rufa maka asiri kullum, a hankali, har ka ɗauka ƙwarewarka ce. Ranar da ya tafi za ka zaga kasuwa neman madadinsa. Babu.

In har akwai hannun da ke taɓa bayanka, tura masa wannan yau, tun yana iya karantawa.