Tsuntsun da ba shi da ƙafa

Mun tashi da asuba daga Rusholme, unguwarmu a Manchester, a bas ɗin Birmingham, ni da autata mai shekara tara. A makaranta an ce kowa ya zana tambarin gidansu, irin wanda tsofaffin iyalan Turawa ke kafawa a ƙofa. Laburaren unguwarmu kuwa council, wato hukumar gari, ta rufe shi don rage kashe kuɗi, sai ƙanwar maigidana da ke Birmingham ta ce mu zo ta kai mu wani tsohon gida mu gani da ido.

Hanya sumul, yayyafi bai tsaya ba. Inda aka yada zango na ga kuɗin shayi kofi ɗaya, na koma wa filas ɗina da cincin.

A tsohon gidan, wata tsohuwa ce ta zaga da mu, kyauta take yi tun da aka sallami ma'aikata. Tamburan suna jikin gilashin taga. Ga mikiya ta gidan mayaƙa, ga kwasakwasa tana tsaga ƙirjinta don 'ya'yanta su sha jininta. Sai wani ɗan tsuntsu kamar tsattsewa, ba ƙafa ko ɗaya.

Na ce, "Shi ma council ce ta rage masa ƙafafun?"

Auta ta ja mayafina don kunya. Tsohuwar ta yi dariya, ta ce alamar ɗa na huɗu ce, wanda ba zai gaji gona ba, kullum yana sama, ba wurin sauka.

"Wannan zan zana, Mama," in ji Auta. "Ai mu ne."

Maganar ta zauna mini a ƙirji har cikin bas ɗin dawowa. A hankali na ce mata muna da wurin sauka. Na ba ta labarin shamuwar da ke sheƙa kan tsamiyar gidanmu a Gumel, duk nisan da ta yi, damina na faɗuwa za ta dawo. Ta ciro fensiranta.

"Wace kala ce ƙafarta?"

Ashe na manta. Shekara goma sha ɗaya ban taka gida ba.

Muna isa Manchester na kira Inna na tambaye ta. Ta ce, "Ba zan faɗa ba. Ki kawo mini jikata ta duba da kanta."

Tafiyar nan ta nuna mini gida ba ya ɓacewa rana ɗaya, kaɗan-kaɗan yake zubewa, mutum bai sani ba. Auta ta kai zanenta makaranta, shamuwa tsaye kan reshe, ƙafafun farare fat, ba ta shafa musu kala ba. Ta gaya wa malamarsu sai mun je mun dawo za ta ƙarasa.