Rabin Baitin da Ya Rage

A ƙauyenmu da ke bayan Kafanchan, idan an gama yankan citta an shanya, mukan taru da yamma a bakin murhun Kaka. Tana gasa doya cikin toka, hayaƙi yana cika mana ido, daga nesa muna jin kukan jirgin ƙasa yana shiga tasha.

Kaka tana da doka. Ba ta fara sabuwar tatsuniya sai wani ya maimaita ta jiya da bakinsa, ba mai taya shi. Haka take yi da waƙar rakiya, wadda ake rera wa ɗan gidanmu da yarenmu ranar da za a sa shi a kabari. Takan rera baiti, ta yi shiru, ta ce mu kawo shi.

Ƙanwata Ladi ce kullum take fara buɗe baki. Ta yi kuskure, mu yi mata dariya, ta sake. Ni kuwa ina bayanta ina motsa leɓe.

"Bulus, ka riƙe?"

"Na ji, Kaka."

"Ban tambaye ka ko ka ji ba. Akuyar can ma ta ji."

Wata rana ta hana ni doya, ta ce sai na faɗi tatsuniyar jiya. Ga ta nan. Wata mata ce mai maganin saran maciji, tana da ɗa da 'ya. Ɗan yana bin ta daji yana kallo, yana gyaɗa kai. 'Yar kuwa takan koma ita kaɗai ta tsinko ganyen, ta kawo a duba, a ce ba shi ba ne, ta sake komawa. Ranar da maciji ya sari uwar, 'yar ta tafi kasuwa mai nisa. Ɗan ya ruga daji. Duk ganyen da ya kalla ya san ya taɓa ganinsa, amma wanne ne? Ya kwaso kowane iri ya cika rigarsa. Kafin ya iso, idanun uwar sun daina gani, bakinta ya daina motsi.

Ina faɗi ina kuka, ina ɓata, Kaka tana cewa, "Koma farko." Sai da doyar ta huce ta miƙo mini.

Tatsuniyoyin Kaka duk sun zube daga kaina, wannan kaɗai ta zauna, ita da aka tilasta mini fitarwa da bakina. A makaranta ma haka na yi: in zuba wa littafi ido har in ji kamar na sani, ranar jarrabawa in zauna da fensir ina kallon rufi. Ban wuce firamare ba.

Bara Ladi ta rasu. Ita ta raka duk wanda ya mutu a gidanmu da waƙar rakiyar nan. Da fasto ya gama addu'a a bakin kabari, mata suka juyo gare ni, don ni ne babban da ya rage.

"Baba Bulus, ɗaga mana, mu amsa."

Muryar waƙar tana cikin kunnena sarai. Na buɗe baki, rabin baitin farko ya fito, ya tsaya. Na sake, ya tsaya a wurin. Mutane suka sunkuyar da kai. Matar fasto ta ɗauko waƙar coci don ta rufa mini asiri, aka fara zuba ƙasa.

Yanzu jikata Rifkatu tana shirin jarrabawa. Idan na ga idonta yana gudu a kan shafi, nakan ce, "Rufe littafin, ki faɗa mini."

"Kaka, ai na karanta."

"Rufe dai."

Takan tura baki, ta fara, ta ɓata, ta leƙa, ta sake. Shekaranjiya ta tambaye ni waƙar rakiya. Na ba ta rabin baitin nan, na sa ta maimaita har ya zauna. Iyakar abin da za a rera mini ke nan.