Rubutun da Kaka Ta Saƙa a Jikin Buhu

Tun ranar da aka sa 'yata a makaranta nake fama da fargaba ɗaya: kada ta gado ni. Ni a aji uku na tsaya, har yau in aka miƙo min takarda sai gabana ya faɗi. Zango ya ƙare, malamarsu ta ce yarinyar ba ta riƙe ko harafi ɗaya ba.

Ran kasuwar Gaya ƙanena ya biyo ta gidan, ya ba ta wayarsa tana buga gem. Na zo zan fizge, sai idona ya sauka a kan rubutun da ke fuskar wayar. Haruffan ba su da lanƙwasa, 'yan ƙananan tubala ne aka jera. Na fasa fizgewar. Ai na san wannan rubutun.

A gidanmu na Kademi, in damina ta kankama ruwa ya hana fita, kakata takan ɗauko buhun takin da ta wanke, ta zauna bakin ƙofa da ulu da babbar allura, tana saƙa shimfiɗa. Ɗakin duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da dafaffiyar gyaɗa. Jikin buhu yana da 'yan idanu, sai ta cike wannan ta tsallake wancan. Ba ta yi boko ba, amma rubutu yana burge ta. Haruffan da ke jikin buhun ta bi da jan ulu, ido bayan ido. Inda harafi ya lanƙwasa, sai ta yi masa matakala.

Kawuna ya shigo ya karanta, ya kece da dariya. "Inna, kin san abin da kika saƙa? TAKI! A kan taki za ki zaunar da surukanki?"

"Ba shi ke cika maka tumbi ba?" in ji ta. Sai ta jawo ni. "Zo nan, ƙawata, sa yatsanki. Bar shi da dariyarsa, mu mu ga yadda aka gina su."

Su ne haruffan da na fara sani a duniya. Da yatsa na koye su, ba wanda ya daka min tsawa.

Na ƙyale 'yata da wayar. Washegari na wanke buhun shinkafa, na sayo ulu, muka zauna muna cike idanun harafin farko na sunanta. Ta soke yatsa, ta yi kuka, ta dawo da kanta. Da ƙanena ya sake zuwa, tana cikin gem sai ta ƙwala min kira: "Umma, ga nawa! Ga wanda muka saƙa!"

Harafi ɗaya ne fa, saura da yawa, kuma fargabar ba ta sake ni duka ba. Kaka ta daɗe da rasuwa, shimfiɗar ma gara ta cinye ta.

In yaronku ya yi jinkirin karatu, don Allah kada ku ce masa daƙiƙi. Ku zauna kusa da shi tukuna. Kaka kuma, ku sa min ita a addu'a.