Madubin Keken Motomiya

Motomiya Shigeo ba mutum ne mai waiwaye ba. Shekara hamsin ya yi yana ɗinkin tabarmar tatami a wani ƙauye da ke gefen garin Marugame, kullum a sunkuye, doguwar allura a hannu, yana jan zare da gwiwar hannu, har wuyansa ya sandare. Yanzu in ka kira shi ta baya, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar ana juya kabad. Amma kada a ɗora wa wuya laifin da ba nasa ba, don tun yana lafiya ma Motomiya ba ya waiwaye. Irin mazan zamaninsu ne: in an fita, miji a gaba, mata a baya.

Haka suka yi zamansu da matarsa Kinue. Shi yana gaba da tabarmi ɗaure a bayan keke, ita tana biye a nata keken da akwatin kayan aiki da abincin rana. Bai taɓa tambayarta ko ta gaji ba. Sarƙar kekenta tana da wani ɗan ƙara, muddin yana jinsa ya san tana nan.

Sai tsufa ya zo masa ta wuri biyu. Kunnensa ya yi nauyi, ya daina jin sarƙar. Ita kuma ciwon mantuwa ya kama ta. Ta fara da sa buta a firji, ta koma gaishe da maƙwabciyarsu ta shekara talatin kamar baƙuwa. Abu ɗaya ne bai gudu daga jikinta ba, hawan keke. Da ta ɗora ƙafa a feda sai fuskarta ta saki, har da ɗan waƙe-waƙe.

'Yarsu Chizuru ta zo daga Osaka a farkon bazara, ta zauna ta ƙi shan shayin da ya zuba mata.

"Baba, na samo wa Mama gurbi a gidan kula da tsofaffi. Wuri ne mai kyau, na je na gani da idona."

"Tana da gida."

"Tana da gida, tana kuma da keke, ga layin jirgi a bayan gonaki. Kai ko ƙaho aka busa ba ji kake ba."

Suka ja har yamma. A ƙarshe ta ce ta haƙura, amma da sharaɗi: ranar da Kinue ta ɓace masa a hanya, ko na minti biyar ne, zai faɗa mata da bakinsa, kuma magana ta ƙare. Ya amsa. Motomiya kuwa mutum ne da ko kusurwar tabarma ta karkace a ƙarƙashin kabad inda ba mai gani, sai ya kwance ya sake. Ba ya iya ƙarya, Chizuru ma ta san haka.

Washegari ya tura kekensa wajen Iwasa mai gyaran keke, abokinsa tun suna makarantar firamare, ya ce a ɗaura masa madubi.

"Madubi? Kai?" Iwasa ya ajiye sifana yana dariya. "Shekara hamsin ba ka kalli baiwar Allahn nan ba, sai yanzu da haƙora suka zube soyayya ta motsa?"

"Ɗaura mini, sarkin surutu."

Iwasa ya ɗaura shi a hannun dama, ɗan zagayayye, bai fi murfin kofin shayi ba. Yana ƙara matse noti ya ce, "Ka dai sani, wannan abin zai nuna maka akwai mutum a bayanka ne kawai. Ba zai faɗa maka sunansa ba."

Tun daga ranar Motomiya ya daina jin daɗin hawan keke. Ido ɗaya a titi, ido ɗaya a madubi. In ta yi nisa gabansa ya faɗi, in mota ta shiga tsakaninsu ya riƙe numfashi har ta wuce. Sau biyu ya kusa afkawa cikin magudanar ruwan gona saboda kallon baya. Ya rame, amma wata huɗu suka wuce ba abin da ya faru.

Ranar sha uku ga Agusta, farkon Obon, bikin tunawa da magabata, suka tashi zuwa wanke kabarin iyayensa a kan tudu. Zafi tun da safe, kukan ƙwari ya cika itatuwa. Kinue ta shirya kamar yadda kowace mace ke shiryawa a wannan wata: hular rana mai baƙin gilashi da ke sauka har haɓa, farar safar hannu har kafaɗa, tawul a wuya. Ya sa mata furanni a kwandon baya, shi ya ɗauki bokiti da buroshi da turare.

Sun wuce gonakin shinkafa, sun wuce tafki. A mahaɗar da ke gaban shagon taliyar udon wata motar kaya ta shigo tsakaninsu, madubin ya cika da farin ƙarfe. Ya ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, har bakwai. Motar ta kauce, sai ga baƙar hula da fararen hannaye sun dawo. Ya sauke ajiyar zuciya. Har ya ji daɗi, don yau tana taka feda da ƙarfi, ba ta bari ya ba ta rata.

A gindin tudu ya taka birki, ya sauka, ya juyo da jikinsa.

"Maman Chizuru, sauko mu tura."

Matar ta tsaya, ta ɗage gilashin hularta. Wata ce can daban, ba ta fi shekara arba'in ba, kwandonta cike da albasa.

"Baba, da ni kake?"

Bokitin ya suɓuce daga hannunsa. "Tun ina kike bayana?"

"Tun shagon udon. Ina ta son in wuce, kai kuma kana ta kallona a madubi, har na fara tsarguwa. Lafiya kuwa?"

Nan take ya gane. A mahaɗar shagon udon ɗin tsohuwar hanya take ballewa hagu, hanyar da suke bi kafin a yi sabon titi, kuma ita ce ke tsallaka layin jirgi. Ya juya keken, har sau biyu yana kuskure feda. Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas ya miƙe tsaye a kan keke yana takawa, gumi na shiga idonsa. Tsoro irin wannan bai taɓa jinsa ba. Da ya sha kwanar shagon, kunnen nan nasa da ba ya jin komai sai ya jiyo ƙararrawar shingen jirgi tar.

Ya hango ta. Tana tsaye dab da sandar shingen, ta sauka, ta riƙe keken da hannu biyu. Jirgin ya zo ya wuce, iskarsa ta kaɗa furannin da ke kwandonta. Ya jingine kekensa ya ƙarasa, yana haki.

Kinue ta ɗage hularta, ta rusuna masa da ladabi.

"Malam, yi haƙuri na tsayar da kai. Ko ka ga maigidana? Mai ɗinkin tatami ne. Yana gaba, ya yi mini nisa." Ta ɗan yi dariyar kunya. "Shi ba ya waiwaye, ka gane. Ba mugunta ba ce, haka yake. Ni ce ba na sauri."

Wayar da ke aljihunsa ta fara ruri. Chizuru ce, dama ta ce za ta kira ta ji ko sun isa. Ya san abin da zai faɗa mata, ya kuma san abin da zai biyo baya. Ya bar ta ta gama rurinta. Zai kira, amma sai an wanke kabari.

"Na gan shi," ya ce. "Yana can yana jiranki. Wuce gaba, ni zan bi ki a baya."

Sandar ta ɗaga. Ta hau, ta tsallaka layin, ta ɗauki tsohuwar hanya ba ko kuskure, tana ɗan waƙarta. Ya lanƙwasa madubin ƙasa ya bi ta. A nan ya ga ashe ƙafarta ta hagu ba ta kaiwa feda sosai, sai ta karkata ƙugu duk juyi ɗaya kafin ta taka. Sirdin ya yi mata tsawo. Shi ne ya ɗaura shi da hannunsa, shekarar da aka kawo ta gidansa.