Haƙorin Mama da Tsutsar Kasuwa

Mahaifiyata ta haife mu bakwai, kuma matan da suka karɓi haihuwar sun ce ko sau ɗaya ba su ji ihunta ba. Kunama ta taɓa harbinta a gonar citta, ta ɗaure wurin da tsumma, sai da ta ƙarasa kunyar da take yi sannan ta koma gida. Shi ya sa ranar da na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakina a Kafanchan, ta ɗaure haɓa da ɗankwali, kuncinta na hagu ya kumbura, hawaye na zuba, sai na san abin ba ƙarami ba ne.

"Mama, lafiya? Wa ya rasu?"

Ta girgiza kai, ta nuna bakinta.

A farkon shekarun 1990 ne, shekarata ta biyu da fara koyarwa a firamare. Ina hayar ɗaki guda a wani gida kusa da layin dogo. Mama ta shigo mota tun safe daga Fadan Kagoma ba ta aiko ba. Da na shigar da ita ciki, a hankali ta ba ni labari ta gefen baki. Mako uku ke nan wani haƙorin ƙasa, can ciki, ya hana ta sakat. Ta cusa kanumfari a ramin, ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, ta daka tafarnuwa, har garin taba wata tsohuwa ta ba ta. Kowanne sai ya lafa na ɗan lokaci, ya dawo da ƙarfinsa. Wani makanike ya kawo ruwan batir, Baba ya kore shi da kwalbarsa.

Na ce, "To ai sai asibiti."

"Ba inda za ni," in ji ta. "Akwai wata mata a Manchok da aka cire wa haƙori, har yau bakinta a karkace."

"Kin san ta?"

"An gaya mini."

Muna cikin haka matar mai gidan ta leƙo. Inyamura ce, mijinta direban jirgin ƙasa, ta daɗe a Kafanchan, kuma a Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Ta dafa kafaɗar Mama ta ce, "Mama, kar ka damu. Tsutsa ne yana ci haƙori. Akwai mutum a kasuwa, yana fitar da shi, kai da kanka za ka gani."

Fuskar Mama ta ɗan sake. Ba allura, ba wuƙa. Ni kuwa na san in na yi gardama sai ta kama hanyar gida, don haka na yarda mu je.

Washegari Asabar muka tafi mu uku. Mutumin yana gindin wani mangwaro, ya shimfiɗa tabarma ya jera kwalabe, ga kaskon garwashi, ga mazurari da kwanon ruwa. Ya zaunar da Mama a kan benci, ya barbaɗa wani abu a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurarin ya ce ta buɗe baki hayaƙin ya shiga. Mutane suka taru. Can ya ce ta tofa a kwanon. Sai ga waɗansu ƙananan abubuwa farare, a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwan.

"Kun gani!" in ji shi, yana zagayawa da kwanon. "Su ne suke cin Mama!"

Matar mai gidanmu ta ɗora hannu a ka. Ni kaina saura kaɗan in yarda. Amma Mama ta jawo kwanon, ta sa ɗan yatsa ta ɗauko guda, ta kai shi kusa da ido, ta murje.

"Ɗana, me ya sa tsutsar taka ba ta motsi?"

"Hayaƙi ya kashe ta, Mama."

"Tun ba a haife ka ba nake shuka gauta," ta ce. "Wannan ƙwayar gauta ce ta sha zafi ta fashe."

Wurin ya kaure da dariya. Ita ma Mama ta fara, sai haƙorin ya tuna mata yana nan, ta dafe kunci tana dariya tana kuka. Mutumin bai yi fushi ba. Ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Mama, don Allah ki rufa mini asiri. Wannan kumburin naki ya fi ƙarfina, ki je wurin likita."

Abin da ni 'yarta na faɗa ta ƙi, shi ta ji daga bakin mai tsutsa. A hanya ta ce, "Tunda har maƙaryaci ya faɗi gaskiya, sai mu je."

Ran Litinin na nemi izini wurin hedimasta, muka tafi asibiti. Likitan haƙorin saurayi ne mai sanyin magana. Ya nuna mata doguwar kujerar nan da ake kwantar da bayanta, Mama ta ce ita ba ta kwanciya da rana a gaban mutane. Da lallashi ta yarda ta ɗan jingina. Ya leƙa da ƙaramin madubi, ya ƙwanƙwasa nan da can, da ya taɓa wurin sai ta zabura.

"Mama, da kin zo tun ramin yana ƙarami, da share shi kawai zan yi in cike," ya ce. "Yanzu ruɓar ta kai ga jijiya. Hanya biyu ce ta rage. Ko ki je Jos a kashe jijiyar, a cike haƙorin, a sa masa hula, amma sai kin yi zuwa uku ko huɗu. Ko kuma in cire shi a nan."

"Hula?" in ji Mama. "Haƙorin da ya hana ni cin tuwo mako uku, shi zan yi wa hula kamar dattijon coci?"

Nas ɗin da ke tsaye ta juya baya tana dariya. Likitan ya bayyana mata cewa haƙorin mutum na kansa ya fi gurbi, in da hali. Mama ta saurara sosai, sannan ta ce lokacin tonon citta ya yi, ba ta da kwanakin zarya zuwa Jos. "Cire shi. Amma ka bar mini maƙwabcinsa, da shi nake cin gasasshiyar masara." Ya ce maƙwabcin ma yana da ɗan rami, amma wannan cikewa za a yi daga baya. Ya rubuta magani, ya ce sai kumburin ya sauka, mu dawo bayan kwana biyar.

Kwana biyar ɗin nan na ji daɗinsu ƙwarai. Zafin yana raguwa, bakin Mama yana buɗewa. Ta juya mini ɗaki, ta ce tukwanena ba su ga wanki ba tun da aka saye su. Ta koya wa matar mai gidan gwaten acca, ita kuma ta koya mata ogbono, wata miyar yauƙi ta garinsu, suna ta hira kowa da irin Hausarta.

Ranar cirewa, kafin ta hau kujera sai da ta sa kowa ya rufe ido, ta yi wa hannun likitan addu'a da babbar murya. Ya ce amin. Aka yi allurar kashe zafi, ta damƙe hannuna har yatsuna suka yi fari. Na ga ya sa ƙarfe ya girgiza hagu da dama, ya ja. Ita kuwa idonta a rufe gam.

"Ɗana, in za ka fara ka fara," ta ce da ƙyar.

Ya nuna mata haƙorin a cikin ƙaramin faranti, baƙi ƙirin ta gefe ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta taɓa leɓenta ta ji ba nata ba, ta zaro ido ta ce a miƙo madubi, bakinta ya karkace. Nas ta kawo, Mama ta duba ta ga komai daidai, aka gaya mata allura ce, kafin la'asar za ta sake ta. Aka sa mata auduga ta cije, aka ce kada ta kurkure baki ranar, kuma ta rage magana. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba ta wahala.

Bayan wata guda ta dawo don a cike ɗayan. Wannan karon da zakara a hammata, kyautar likita, ga Baba a bayanta yana ta kalle-kalle.

"Ni rakiya kawai na zo," ya gaya mini.

"Ƙarya yake yi," in ji Mama. "Tun damina yake taunawa da gefe ɗaya."

Da Baba ya hau kujerar, ita ta riƙe masa hannu, tana cewa ya daina rawar jiki, abin ba komai ba ne. Ramuka biyu aka cike masa ran nan, muka fito mu uku muka tsaya a bakin titi muka sayi ayaba.