Manyan Tayoyin Lawwali

Duk wanda ya san Kekun Waje ya san Lawwali direba, in ma bai san shi ba to ya san motarsa, wata tsohuwar akori-kura da farinta ya daɗe da komawa ruwan ƙasa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya zagi a kan hanya, ba a taɓa jin ya kaɗe ko akuya ba. Aibinsa guda ne, ko matarsa Balkisu ba ta musu a kai: Lawwali ba ya iya ganin abin wani ya sami sukuni. In ka sayi hula a gabansa, ranar nan tasa za ta dinga matsa masa kai.

A tashar Gusau ya koyi tuƙi tun yana saurayi, ya yi jigilar albasa, ya yi ta gyaɗa, har Allah ya hore masa tasa motar. Da kaka yakan kwashi buhunan dawa da waken suya zuwa Bungudu ko Tsafe, amma wannan aikin lokaci ne, yana zuwa yana wucewa. Abin da ke ci da gidansa rani da damina su ne matan ruga masu nono. Kowace safiya yakan tsaya a gindin tsamiyar bakin gari, su fito da ƙorensu rufe da faifai, ya kai su Gusau, da yamma ya dawo da su. Babbarsu Inna Tambaya ce, tsohuwa siririya mai ƙarancin magana. Inda ta ajiye ƙwaryarta nan sauran ke ajiyewa, kuma shekara da shekaru a motar Lawwali take ajiyewa.

Ana nan sai ga Mas'udu, ɗan gwaggonsa, ya dawo daga kudu da akori-kura irin tasa sak, sai dai ita yarinya ce, kuma tana tsaye a kan wasu tayoyi manya masu haƙora. Mas'udu taubashinsa ne, ka kuwa san taubashi, ko me ya faɗa maka dole ka yi dariya. Ranar farko ya zagaya motar Lawwali, ya ɗan shuri tayar baya, ya ce, "Taubashi, har yanzu wagga tabarma kake ja?" Jama'a suka kwashe da dariya. Lawwali ma ya yi tasa, ta yaƙe, ya koma gida bai iya cin tuwo ba.

Tun daga nan fa hassada ta kama shi, ba ƙarama ba. In sun fito masallaci sai ya bi ta gefen motar Mas'udu kamar hanya ce ta biyo da shi, yana auna tayar da cinyarsa. In ya ji ƙararta daga nesa sai bakinsa ya yi ɗaci. Balkisu ta gaji da jin sunan Mas'udu a bakin tabarmar cin abinci, ta ce masa ita dai ba ta taɓa ganin an zuba taya a tukunya ba.

Damina ce ta ƙarasa shi. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, motarsa ta kafe a kwarin da ke kafin a hau kwalta, ga matan nan jingim a baya. Wa zai ɓullo in ba Mas'udu ba? Ya ratsa taɓon kamar ba taɓo ba, ya ɗaura igiya ya fisgo su, yana ta tsiya yana cewa a biya shi da man shanu. 'Yan matan ruga suka yi ta ƙyalƙyala dariya, wata ma ta ce wannan ita ce mota. Wannan maganar kuwa ta tsorata Lawwali. Ya ƙudurta a ransa cewa shi ke nan, Mas'udu zai ƙwace masa matan nan, abincin gidansa zai koma gidan gwaggo.

Ba wadda ta bar motarsa, ko ɗaya. Amma mai hassada ba ya ganin abin da ke hannunsa. Ya kwashi dawar da ya ɓoye don bazara ya sayar, ya nufi rumfar Dogo mai taya a Gusau.

Dogo ya duba lambar da ke jikin tayar, ya ce wannan mota wili mai lamba sha huɗu aka yi mata, in ana so a ɗan ƙara faɗi ko tsawo kaɗan za ta ɗauka, amma abin da Lawwali ke nuni da shi sai an sauya wili, an ƙara sifirin, an yanke bodi don kada taya ta riƙa guga. Ya ce kuma za ta yi nauyin tashi, ta sha mai, ta yi kasala a hawa. Lawwali bai ji ko ɗaya ba. Tambayarsa guda ce, nawa ne lambar na Mas'udu. Da aka gaya masa sai ya ce a ba shi waɗanda suka ɗara su, ko da yatsa ne. Dogo ya ɗaga kafaɗa, ya karɓi tsofaffin tayoyin da wilinsu a musaya, ya kira mai walda.

Kai, ranar da motar ta fito Lawwali ya ji daɗin duniya. Ranar kasuwar Tsafe ce, takanas ya tafi can don ya san Mas'udu na nan. Ya faka a gefensa, ya diro, don yanzu dira ake yi. Direbobi suka taru suna shafa tayoyin suna sa albarka. Mas'udu ya daɗe yana kallo, ya ce tabarma ta hau gado, amma dariyarsa ba ta yi ƙarfi ba, Lawwali kuwa ya ɗauka ya gama da shi. A hanyar dawowa motar ta yi ta nishi a kowane tudu, sai ya ƙaro sautin rediyo.

Washegari matan suka iso gindin tsamiya suka yi cirko-cirko. Da can mace kan ɗan rusuna ne ta sauke ƙwarya daga kai zuwa bayan mota, ta juya ta zauna a baki, ta janye ƙafafu. Yanzu bayan motar ya kai musu ƙirji. 'Yan matan suka taka taya suka haye suna dariya. Inna Tambaya ba ta yarda namiji ya taɓa mata ƙwarya, balle jikinta, don haka ta miƙa wa jikarta nonon, ta sa ƙafa a kan taya, ta yunƙura. Ƙafar ta zame. Ta dafe ƙasa da hannu biyu, ɗankwalinta ya faɗi a gaban surukanta. Lawwali ya ruga, garin sauri ya ce bari ya ɗaga ta. Tsohuwar ta kalle shi sau ɗaya, ya ja da baya. Aka aro turmi ta taka ta hau. Har Gusau sabon sifirin na jijjiga su, nono na tsiyaya ta ƙarƙashin faifai.

Da yamma suka aiko cewa sun samu wata motar sun dawo. Kwana biyu suna takawa da ƙafa har bakin kwalta. A rana ta uku Lawwali ya yi sammako da benci sabo fil da ya sa kafinta ya yi masa don hawa. Ya tarar da motar Mas'udu a gindin tsamiya, ta yi ƙasa ta durƙusa, matan na sauke ƙore cikin natsuwa. Ya dubi ƙafafun motar, ashe tsofaffin tayoyinsa ne. Ga facin da ya yi a Magami bara yana kallonsa.

Mas'udu ya leƙo ta taga, wannan karon ba tsiya a muryarsa.

"Taubashi, tun da na dawo nake bin Inna, ta ce motata ta yi musu tsawo. Wallahi kullum na ga tayoyin nan naka sai raina ya ɓaci. Jiya na gan su jingine wurin Dogo."

Lawwali ya matsa kusa da tsohuwar, benci a hannu, ya ce, "Inna, ga abin takawa na kawo miki."

Ta gyara zama, ta ja faifanta, ba ta ɗaga murya ba.

"Lawwali, ɗana, mu ba mu taɓa ce maka motarka ta yi muna gajarta ba."

Mas'udu ya tada mota. Lawwali ya tsaya rungume da benci yana kallon tsofaffin tayoyinsa suna juyawa a ƙarƙashin motar wani, kuma wallahi bai taɓa ganin sun yi masa kyau irin na ranar ba.