Malam Tayyib da Kwandon Kalmomi

Da an idar da sallar Asuba, Malam Tayyib zai shimfiɗa tabarma a zaurensa na Batsari, ya jawo wani tsohon kwando gabansa. Me ke ciki? Zangarniyar gero, wuƙar fawa, igiya, ludayi. Da su yake koya wa marubuta Sifaniyanci, harshen da ya kwaso a birnin Malabo, a wata ƙasar Afirka da ake jin sa, lokacin da yake fawa can da ƙuruciya.

Dokarsa ɗaya ce: ba ya ba ka kalma sai hannunka na kan abin. 'Yan jarida, masu sharhin ƙwallo, marubutan littattafai, duk mun sha wannan horo, wasunmu suna gunaguni.

Sai ga Nazifa, marubuciya 'yar Runka, wadda 'yan bindiga suka taso danginta suka dawo Batsari. Wata mujalla ta masu jin Sifaniyanci ta nemi ta rubuta labarin garinsu da hannunta. Ta haddace manyan kalmomi daga waya, amma rubutu ya ƙi tashi, lokaci kuma yana ƙurewa. A gabanmu ta ce:

"Baba, na haƙura. Wani ya rubuta."

"Wane wani? Wanda bai taɓa shan furar Runka ba? Tashi, ɗiyata, ɗauko mayafinki."

Ya sa ta a akori-kura, sai ƙauyen Zakka, gidan ƙanensa. Ƙanen ne ya ba mu sauran labarin. Malam ya kama hannunta ya ɗora a jikin rumbu.

"Granero. Faɗi."

"Granero."

"Haba! Kamar mai korar akuya? Naku na Runka fa, ina yake?"

Ta ce: "Ƙona shi suka yi, Baba. Da geron shekara a ciki."

"To daga nan za ki fara."

A gindin rumbun nan ta rubuta layin farko, hawaye na zuba. Da labarin ya fito, ta nuna wa mahaifinta, Malam Barau, a wayarta. Bai san harshen ba, amma ya bi da yatsa har ya iske sunan garinsu.

"Runka ce nan?"

"Ita ce, Baba."

"To ashe ba mu ɓace ba."

Malam Tayyib, kai ne ka mayar da kwandon tarkace makaranta. Kai ne ka hana mu rubuta abin da ba mu taɓa ba. Yau ido ya yi rauni, ka ce za ka huta, ka miƙa wa Nazifa kwandon. Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Kai kuma mai karatu, da ka dawo daga wata ƙasa da harshe a bakinka, kada ka rufe shi a ɗaki. Nemi kwando, buɗe zaure. Na Nazifa yana buɗe tun jiya, kuma ta ƙara abu ɗaya a kwandon: dunƙulen ƙasar rumbunsu na Runka.